Ba Mu Da Hurumin Korar Mabiya Ifa Daga Ƙungiya

Ya ku 'yan uwa Yarbawa mazauna Gombe,

Akwai shawarar da wasu membobi na reshen GRA ke yawo da ita, wai a soke sunan duk mai bin addinin gargajiya daga rajistar ƙungiya, domin kada maƙwabta su riƙa yi mana kallon matsafa. Ni Musulmi ne, ba na zuwa wajen babalawo, amma ina kira da babbar murya a yi watsi da wannan shawara, domin zalunci ce.

Da farko mu san abin da muke magana a kai. Ifa hanyar duba ce ta kakanninmu. Babalawo yana aiki da ƙwallayen kwakwar manja 16, ko wata sarƙa mai ɓawo takwas da ake kira opele, ya zana abin da ya fito a kan garin da ke cikin faifan katako. Alamomin su ne odu, guda 256, kowane da baitocinsa da ake shekaru ana haddacewa. Daga nan ya faɗi abin da za a bayar, kamar goro ko manja ko kaza. Hausawa ma sun san bugun ƙasa mai gidaje 16, kuma ba a taɓa korar Bahaushe daga unguwa don kakansa ya yi ba. A 2005 hukumar UNESCO ta sanya Ifa cikin kayan gadon ɗan Adam, kuma Farfesa Wande Abimbola, tsohon shugaban Jami'ar Ife, ya rubuta littattafai a kansa. Malamai da fastoci suna da damar yin wa'azi cewa duba haramun ne, wannan aikinsu ne. Amma rajistar ƙungiya ba ta masallaci ba ce, ba ta coci ba ce.

Masu shawarar suna cewa ai akwai masu yankan kai don kuɗi. Gaskiya ne akwai su, kuma a kowace ƙabila. Wanda ya taɓa ran mutum, ko da sunan wane addini, a miƙa shi ga 'yan sanda, mu ne kan gaba wajen ba da shaida. Haka kuma ba za mu yarda wani ya fito da Oro ya kulle mata a gida ba. Sai dai ba a hukunta tsoho mai sayar da maganin gargajiya da laifin ɗan damfara.

Bugu da ƙari, da wane baki za mu yi ƙorafi gobe? Mu ne ke kuka cewa 'ya'yanmu da aka haifa a Gombe suna shan wahalar samun takardar shaidar ɗan ƙasa. Hujjarmu kullum ita ce sashe na 42 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali. To, sashen nan ya ambaci addini ma, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin bin addinin da ya zaɓa. Ba zai yiwu mu ɗauki rabin doka mu binne rabi ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A 2023 an hana wata mata yin bikin gargajiya a Ilorin, maganar ta cika jaridu. A 2023 ɗin kuma jihohin Legas da Ogun da Oyo da Osun suka ba da hutu ranar 21 ga Agusta don bikin Isese. Mu da ke zaune nesa da gida, wanda muka kora ba shi da wanda zai tsaya masa ranar da mai gida ya ba shi notis, ko ranar da aka yi masa ƙazafi matasa suka taru a ƙofarsa.

Saboda haka duk mai biyan kuɗin wata ɗan ƙungiya ne, ba a tambayarsa inda yake ibada. Ku zo taro ku faɗi haka. Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.

Sakataren Ƙungiya