Dutsen Kamaru Da Tafkin Nyos: Wa Zai Gaya Mana Da Harshenmu?

Mu da ke zaune a Briketeri, a tsakiyar Yawunde, in aka yi zancen dutse mai aman wuta sai mu ɗauka labarin Indonesiya ne ko Italiya. Alhali kuwa Dutsen Kamaru, wanda garin Buea ke gindinsa, ya haura mita 4,000 a tsayi, kuma barci kawai yake yi. Ya yi amai a 1982, ya sake a 1999, ya ƙara a 2000.

Na 1999 shi ya fi taɓa aljihun 'yan kasuwa. Ya fara ne ranar 28 ga Maris, girgizar ƙasar da ta zo tare da shi ta tsattsage bangayen gidaje a Buea, wasu ma suka rushe. Narkakken dutse ya yi ta gangarowa yana cinye gonaki, har a watan Afrilu ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau kusa da ƙauyen Bakingili, aka kwashe mutanen ƙauyen zuwa Tiko. Duk wanda ya taɓa bin kaya ta Idenau zuwa Oron ko Kalaba ya san ma'anar datsewar wannan hanya. Kaya na ruɓewa, mai bin bashi kuwa ba ya jiran dutse ya huce.

Amma ba kullum masifar ke zuwa da wuta ba. Tafkin Nyos da ke Arewa Maso Yamma yana cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta ne. A daren 21 ga Agusta 1986, iskar kabon da ta taru a ƙarƙashin ruwan ta ɓalle, ta bi kwaruruka, ta shaƙe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500 a Nyos da Cha da Subum. Gidaje na tsaye, masu gidajen babu. Daga cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Fulani makiyaya, mutanen da muke sayen shanu a hannunsu. Waɗanda suka tsira aka kai su sansanoni, suka yi shekaru nesa da gonakinsu da kaburburan iyayensu. Shekara biyu kafin nan Tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya, sai dai darasin bai isa ga talakan ƙauye ba.

Gaskiya an yi ƙoƙari. An kafa bututun zuƙe iskar a Nyos a 2001, aka ƙara biyu a 2011, aka kuma ƙarfafa bangon tafkin, domin masana sun yi gargaɗin cewa in ya fashe ruwan zai bi kogin Katsina-Ala har Taraba da Binuwai. Wannan tsoro na cikin dalilan da suka sa Najeriya ta gina madatsar Kashimbila kusa da Takum. Ke nan 'yan'uwanmu na can ƙetare ma abin ya shafe su.

Kokenmu a kan sanarwa yake. Cibiyar binciken ƙasa ta IRGM na da masu sa ido kan dutsen a Ekona, amma bayanin hukuma da Faransanci da Turanci yake fita, falke da direba da makiyayi kuwa da Hausa da Fulatanci da Fijin suke ji. Mutum nawa a kasuwanninmu suka san cewa iskar Nyos ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka tudu ake hawa, ba kwari ake bi ba?

Muna roƙon hukumar kare farar hula ta riƙa miƙa irin wannan bayani ga gidajen rediyon al'umma da sarakunan Hausawa da limamai tun ana zaune lafiya. Mu za mu fassara, mu karanta kyauta. Ku kuma Alhazai masu rumbuna a Limbe da Idenau, kada a tara jari duka a ɗaki ɗaya, kuma littafin bashi a ajiye kwafinsa a wani gari.