A Binciki Mai Magani Kafin A Damƙa Masa Marar Lafiya

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja kunnen 'yan'uwana manoma da 'yan tireda kan wani abu da ya same mu a gida, wanda ba na fatan ya sami kowa.

Ni manomi ne, da rani kuma nakan kasa kayan tireda a kasuwar ƙauyenmu. Bara ƙanena ya ci bashi ya sayi albasa ya ajiye, ta ruɓe masa. Tun daga nan barci ya ƙaurace masa, ya rage cin abinci, har ta kai yana cewa yana jin ana kiran sunansa alhali babu kowa. Muka kai shi asibiti, aka ba shi ƙwayoyi aka ce ya dawo bayan mako biyu. To, mu da gaggawa, sai muka ga kamar sauƙi ya yi nisa.

Ana nan sai wani direba ya ba mu labarin wani mutum a birni, wai shi ba allura ba ƙwaya, da magana kawai yake sa mutum cikin wani hali mai kama da barci ya cire masa damuwa. Turawa na kiran abin hifnosis. Muka je. Na tarar da shi cikin kwat, ga takarda a bango cikin gilashi da jan hatimi. Ni da na tsaya a firamare, ina ganin Turanci da hatimi sai na saki jiki. Ya yanka mana naira 80,000 na zama huɗu, na sayar da tunkiya da buhun gero na biya. Farkon abin da ya ce shi ne a ajiye ƙwayoyin asibiti. Na biyu kuma ya ce in jira a waje.

Bayan zama na uku ƙanena ya dawo yana rantsuwa wai ya tuna matar wanmu ce ta sa masa wani abu a fura. Jama'a, matar nan ita ta yi ta hidimarsa tun yana yaro! Gida ya rikice, ta kwashe kayanta ta tafi gidansu. Kwana kaɗan bayan haka ya fice da tsakar dare, sai washegari aka tsinto mana shi a tashar mota ba takalmi.

Sai a lokacin muka kai shi asibitin masu taɓin hankali. Da na ba likita labari, sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce shi wannan hifnosis ba ƙarya ba ne kuma ba sihiri ba ne, akwai likitocin da ke haɗa shi da sauran magani don rage raɗaɗi ko fargaba. Amma ba a yi wa mutumin da ke jin muryoyi, domin yana iya ƙara dagula shi. Kuma wanda ke cikin wannan hali yana saurin karɓar abin da aka raɗa masa, har ya rantse ya tuna abin da bai taɓa faruwa ba. Ashe nan maganar fura ta samo asali. Ya ƙara da cewa ko a Ingila doka ba ta tilasta wa mai wannan sana'a yin wani karatu na musamman ba, saboda haka takardar bango tana iya zama ta kwas ɗin 'yan kwanaki a intanet.

Abin da ke ba ni haushi da kaina shi ne, in zan sayi sa na huɗa sai na buɗe bakinsa na duba haƙora, na tambayi dillali inda ya fito. Amma na miƙa ɗan'uwana ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Ba rashin kunya ba ne ka tambayi mai magani: kai likita ne, ko nas, ko masanin halayyar ɗan'adam? A wane asibiti ka taɓa aiki? Likitan gaskiya yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, kuma duk shekara yake sabunta lasisinsa. Wanda ya fusata don ka tambaya, to ka riƙe kuɗinka. Haka wanda ya ce a jefar da maganin asibiti, ko ya ce babu cutar da ta gagare shi. Wanda kuwa ya nemi keɓewa da matarka ko 'yarka a ɗaki a rufe, wannan ma ba sai na faɗa ba.

Kada a ce masu kwat kaɗai nake nufi. Ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. A watan da ya biyo baya aka sake gano irinsa a Daura. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biya, don neman gyara. Ni ban hana kowa addu'a ba, mu ma ita muke yi dare da rana, amma addu'a ba ta bukatar sarƙa da bulala.

A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. To amma mu a ƙauye wa ya zo ya karanta mana ita? Akwai asibitocin wannan cuta a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Na san akwai nisa, ga layi, ga kuɗin mota, kuma wannan ne ke tura talaka hannun 'yan damfara. Don haka nake kira ga shugabannin ƙananan hukumomi su sa ma'aikaci ko da guda ne da ya san wannan ciwo a asibitocinmu na karkara, dagatai da masu unguwanni kuma su riƙa tambayar takardun duk baƙon da ya sauka yana tallan warkarwa.

Ƙanena dai alhamdu lillahi yana shan maganinsa, bana har ya yi noman gyaɗa. Mutumin nan da na koma neman kuɗina na tarar ya tashi, an mayar da wurin shagon ɗinki. Matar wanmu ta dawo ɗakinta bayan an yi ta biko, amma har yau ba ta yarda ta dama masa fura.

Naku mai karatu a kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Daga Jihar Kano.