Baje kolin tabar wiwi: Abin da talla ke faɗa da abin da mahalarta ke tararwa

A farkon watan Maris na 2017, dubban mutane suka nufi wani fili a hamadar jihar Nevada ta Amurka, kusa da birnin Las Vegas. Sun sayi tikitin shiga Cannabis Cup, gasar zaɓen tabar wiwi mafi inganci da mujallar High Times ta fara shiryawa a birnin Amsterdam tun 1988. Wata huɗu kafin nan al'ummar jihar suka kaɗa ƙuri'ar halasta tabar ga manya, don haka masu tikiti suka ɗauka babu sauran shamaki.

Sai dai filin na ƙabilar Moapa Paiute ne, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka, kuma hannun gwamnatin tarayya na kaiwa can. Lauyan gwamnatin tarayya a jihar, Daniel Bogden, ya aika wa ƙabilar wasiƙar gargaɗi cewa har yanzu tabar haramtacciya ce a dokar ƙasa. Ana saura 'yan kwanaki aka sanar da cewa ba za a sayar ba, ba za a raba ba, ba za a sha ba. Aka yi gasar wiwi babu wiwi. Rana ta biyu ma iska mai ƙarfi ta sa aka soke taron.

Shekara guda bayan haka irin wannan ta sake faruwa a birnin San Bernardino na jihar California, inda majalisar birnin ta ƙi ba da izinin sayar da tabar a wajen gasar, alhali an riga an sayar da tikiti, masu rumfuna kuma sun biya kuɗinsu.

Ba lallai ne a ce masu shirya waɗannan taruka sun yi niyyar yaudara ba. Amma sun tallata abin da ba su riga sun samu izininsa ba, kuma ba su kaɗai asarar ta hau ba. Wanda ya biya kuɗin jirgi da na otal babu mai mayar masa.

Kasuwar da mai rumfa ke biya, mai fili ke ci

Tun daga 2012, lokacin da jihohin Colorado da Washington suka halasta shan tabar don nishaɗi, harkar ta fito daga lungu ta shiga manyan zaurukan taro. Kanada ta halasta ta a faɗin ƙasar ranar 17 ga Oktoban 2018. Jamus ta sassauta dokarta ranar 1 ga Afrilun 2024. A Amurka jihohi 24 sun amince da sha don nishaɗi, duk da dokar tarayya ba ta amince ba.

Ɗaya daga cikin manyan tarukan wannan harka shi ne MJBizCon. Ya fara a birnin Denver a 2012 da 'yan ɗaruruwan mutane, daga baya ya koma Las Vegas, inda masu shirya shi suka ce fiye da mutum 30,000 ne suka halarta a 2019. A farkon 2022 aka sanar da cewa kamfanin shirya taruka na Emerald ya saye shi tare da jaridar da ta kafa shi, a kan dala miliyan 120 a biyan farko. A Turai akwai Spannabis, wanda ya yi suna a Barcelona, da kuma Mary Jane a Berlin.

Wannan ciniki na Emerald ya nuna inda kuɗin yake. A daidai lokacin, kamfanonin da ke noman tabar suna ta tafka asara. Hannun jarin kamfanin Tilray na Kanada, wanda ya taɓa dala 300 a watan Satumban 2018, ya yi ta zubewa har ya koma 'yan daloli. Manomi na iya karyewa, mai shago na iya rufewa, amma mai shirya taro ya riga ya karɓi kuɗin rumfa, da na tikiti, da na masu ɗaukar nauyi tun kafin a buɗe ƙofa. Ba laifi ba ne, haka sana'ar baje koli take ko ta motoci ce ko ta kayan gini. Abin lura shi ne, ribarsa ba ta rataya a kan ko mai rumfa ya yi ciniki ba. Ta rataya ne a kan ko talla ta ja shi ya zo.

A nan ne alƙaluma ke shigowa. Yawancin adadin mahalarta da ake gani a allunan talla daga bakin masu shirya taron yake fitowa. Akwai hanyoyin da ake kumbura shi ba tare da an yi ƙarya tsagwaronta ba: a ƙirga wanda ya yi rajista ko da bai zo ba, a ƙirga mutum ɗaya sau uku idan ya shiga kwana uku, a haɗa da ma'aikatan rumfuna da waɗanda aka ba tikitin kyauta. Ƙungiyar masu shirya baje koli ta duniya, UFI, tana buƙatar wani mai bincike na waje ya tantance alƙaluman duk taron da ke son tambarinta. Amma shiga ƙungiyar ba dole ba ne, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ba kasafai yake tambayar wa ya yi ƙirgan ba.

Ko babban taron Las Vegas, baƙo zai iya mamakin cewa ba a yarda a shigo da tabar da ke bugarwa cikin zauren ba. Abin da zai gani shi ne injinan tace mai, fitilun noma, takin zamani, kwalabe da manhajojin lissafi. Wanda ya je neman abokin ciniki a wannan fanni zai iya dacewa. Wanda hoton ganye da hayaƙi ya ja, kallon kitse ya yi wa rogo.

Lokacin da rumfa ta zama shaidar gaskiya

Babbar ɓarna ba a tikiti take ba. Tana cikin yardar da mutane ke ba duk wanda suka gani da ƙatuwar rumfa a taron da ya yi suna.

Misali mafi muni shi ne JuicyFields. Kamfanin ya ɓullo a 2020 da tayi mai sauƙin fahimta: mutum ya zuba kuɗi ta intanet, daga yuro 50, a ce an shuka masa tabar magani a wata gona mai lasisi, bayan wata uku da 'yan kwanaki a ba shi uwar kuɗi da riba mai tsoka. Mai zuba jari bai ga gonar ba, bai ga shukar ba, lamba kawai yake gani tana hawa a wayarsa. Cinikin biri a sama ke nan.

Abin da ya sa mutane suka sakankance shi ne ganin kamfanin a zahiri. Ya riƙa kafa manyan rumfuna a bukukuwan baje kolin Turai, yana ɗaukar nauyin taruka, yana jera motocin Lamborghini masu ɗauke da tambarinsa, yana shirya liyafa. Duk wanda ya yi tantama sai a nuna masa hotuna: ga su nan a taron duniya, kusa da kamfanonin da kowa ya sani.

A tsakiyar 2022 hukumar kula da harkokin kuɗi ta Jamus, BaFin, ta hana kamfanin tallata jarinsa a ƙasar. A watan Yuli aka daina iya cire kuɗi. A Afrilun 2024 hukumar 'yan sandan Turai, Europol, ta sanar da kama mutum tara a wani samame da aka kai ƙasashe da dama, ta kuma ce kimanin mutum 186,000 ne suka zuba kuɗi, jimillar da ta kai kusan yuro miliyan 645. Masu bincike sun bayyana shi a matsayin tsarin da ake biyan tsofaffin masu jari da kuɗin sababbi, irin wanda 'yan Najeriya suka ɗanɗana a MMM a 2016.

Masu shirya taruka na iya cewa su ba hukumar bincike ba ne, fili kawai suke haya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma wanda ya buga tambarin kamfani a saman allonsa ya kira shi babban mai ɗaukar nauyi, ya sayar masa da fiye da fili. Ya ara masa mutuncin taron, kuma da wannan mutunci aka shiga aljihun mutane.

Akwai kuma batun magani. A watan Disamban 2020 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta ɗauki mataki kan kamfanoni shida masu sayar da kayan CBD, sinadarin tabar da ba ya bugarwa, saboda iƙirarin warkar da cututtuka irin su daji ba tare da hujjar kimiyya ba. Hukumar magunguna ta ƙasar, FDA, ta amince da maganin Epidiolex a 2018, amma don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani, ba don kowace cuta ba.

Abin da talla ba ta faɗa wa baƙo

Waɗannan taruka sun iso Afirka. Lesotho ta fara ba da lasisin noman tabar magani a 2017. A Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ta halasta amfani da ita a keɓe a watan Satumban 2018, kuma kafin ƙarshen shekarar aka yi Cannabis Expo a Pretoria, duk da cewa hukuncin bai halasta saye da sayarwa ba. Majalisar Ghana ta amince a 2023 da noman nau'in da sinadarinsa mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'antu da magani, kuma sai da lasisi.

A Najeriya babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. A 2019 gwamnan Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya je Thailand ya dawo yana kiran a duba noman tabar don magani, amma dokar ba ta sauya ba, hukumar NDLEA kuma ta ci gaba da ƙona gonaki. Irin shuka ko kwalbar mai da aka ba mutum kyauta a rumfa a Berlin na iya zama hujjar gurfanar da shi idan ya sauka a Legas ko Kano. Thailand ɗin ma, da ta cire tabar daga jerin miyagun ƙwayoyi a 2022, ta dawo a 2025 ta ce sai da takardar likita.

Haɗarin bai tsaya a dawowa gida ba, yana nan tun a hanyar zuwa. Shige da fice a Amurka aikin gwamnatin tarayya ne, ba na jiha ba. A Oktoban 2018 hukumar kula da iyakokin ƙasar ta bayyana cewa ɗan Kanada mai aiki a harkar tabar zai iya shiga idan wata hidima ce ta daban ta kawo shi, amma ana iya hana shi idan harkar ce ta kawo shi. Wata guda bayan haka kafofin yaɗa labaran Kanada suka ruwaito cewa an tsayar da wani mai zuba jari da ke kan hanyarsa ta zuwa MJBizCon, aka haramta masa shiga Amurka har abada. A ƙasarsa harkar halal ce a doka, haka ma a jihar da zai sauka, tikitinsa na taron kuma yana hannunsa.