Jakin Taki Da Zamanin Leda

Duk ɗalibin da ya zauna ya yi nazarin sunayen da Bahaushe ya raɗa wa abin da ya rage bayan an gama aiki, zai ga abin mamaki. In an sussuka gero an sheƙe, abin da iska ta kwashe ƙaiƙayi ne. In an surfa, abin da ya fita dusa ce. Wanda ya kama a gindin tukunya ƙanzo ne, na murhu toka, na turke taki, na ƙasan rijiyar marina kuwa katsi. Tsohon zane tsumma ne, fasasshiyar ƙwarya sakaina. A ganina, kakanninmu ba su wahalar da bakinsu wajen raɗa waɗannan sunaye a banza ba. Sun yi haka ne domin kowane saura yana da wurin da za shi.

Dusa ta awaki da kaji ce. Ƙanzo a jiƙa shi a ci. Toka a tace ruwanta a sa a girki, ko a kai ta marina. Katsi kuwa a ƙone shi, a haɗa da gashin jima da dafara, a yi laso a shafe soro don kada ruwa ya ratsa shi. Watau dai marini da majemi su suke ba magini kayan aiki. Abin da ya rage bayan duk wannan, shi ake kira shara, shi ake kaiwa juji. Shi kansa jujin ba a raina shi ba, tun da har aka ce babba juji ne.

Hasali ma juji dukiya ne a birnin Kano. Da rani manoman ƙauyukan kewaye sukan shigo da itace a kan jakuna, su sayar, sa'an nan su cika mangala da taki su koma. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin wannan yanki a shekarun 1960, ya kuma nuna cewa takin nan yana cikin abubuwan da suka sa ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. Birni ya ci hatsin ƙauye, ya mayar masa da taki. Ba wanda ya ci bashin wani.

To, ya kai mai karatu, me ya tsinka wannan igiya? Ba komai ba ne illa shigowar baƙin kaya waɗanda ƙasa ba ta iya cinye su, kuma shugabarsu ita ce leda. A da ganye da takarda da ƙwarya su ne mazubin ɗan kasuwa. Yau ko gishirin miya ka saya sai an ƙulla maka a leda, ga kuma ledar fiya wata da ta bazu tun shekarun 1990. Mu kuwa ba mu sake hali ba. Muna zuba ta a kwando ɗaya da ɓawon doya da toka, kamar ita ma za ta ruɓe.

Sakamakon haka a fili yake. Manomin da ya kai takin birni gonarsa, sai ya wuni yana tsintar leda da fasassun kwalabe kafin ya sa garma. Akuyar da ta ci leda sai ta yi ta ramewa, ba a gane ciwonta sai mahauci ya buɗe tumbi. Da damina leda ta toshe magudana, ruwa ya rasa hanya ya shiga gidaje, wanda ya kwanta kuma ya zama gidan sauro. In an gaji an cinna wa bola wuta, hayaƙin roba ya shiga ƙirjin yara. Mafi muni shi ne tsohon batirin mota da allurar asibiti. Wanda yake shakkar illar dalmar da ke cikin irin wannan batir, ya tuna da Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara.

Na san wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne. Da gaskiyarsa, amma rabi. Hukuma tana da ikon doka, kuma wasu sun gwada: Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas kuma ta hana farar robar zuba abinci a 2024. Mu ma mun ga Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984, wanda ya bar mana gadon tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata. Amma abin da muka koya daga gare shi kwashewa ne kawai, daga ƙofar gida zuwa bakin titi. Ba motar da za ta iya raba abin da uwargida ta riga ta cakuɗa. Tun ran gini ran zane.

Saboda haka shawarata ita ce kowane gida ya tanadi mazubi huɗu, ko da tsofaffin buhuna ne. Na farko na abin da yake ruɓewa, kamar sauran abinci da ganye da kashin dabbobi, wanda za a tara a rami ya zama taki. Na biyu na abin da yake da kasuwa, wato ƙarfe da gwangwani da kwalba da kwali da gorar roba. Na uku na leda, a tara ta a bushe don masu narkawa. Na huɗu na mai cutarwa, irin su batir da reza da allura da maganin da ya lalace, a rufe shi nesa da yara, hukuma kuma ta ware wurin karɓarsa.

Masu sayen kashi na biyu suna nan tafe da kurarsu kullum, su ne 'yan gwangwan da 'yan bola-jari. Daga hannunsu ake samun abin da ake narkawa a zuba tukwane, da tayar da ake yanka takalmi da guga. Su ne magadan mai jakin taki. Gaskiya ne akwai ɓata-gari a cikinsu, amma maganin wannan rajista ce da sa ido. Ya fi kyau a miƙa musu kaya a ware a ƙofar gida, da a bar yaro yana tonon bola da hannu.

Daga ƙarshe, mu 'yan Sashen Hausa muna da namu rabon. Tsofaffin da suka san katsi da laso suna ƙarewa, ya kamata mu je mu rubuta abin da ke bakinsu. Haka kuma mu ne ya wajaba mu tsara wa gidajen rediyo da makarantun firamare bayani cikin Hausar da kowa zai gane, don jama'a su san cewa tsohuwar al'adarsu ake tuna musu. Amma kafin mu yi wa kowa wa'azi, malamaina da 'yan'uwana, mu leƙa bayan ɗakunan kwananmu tukuna. Idan kura na maganin zawo, ta yi wa kanta.