Wiwi Ta Baro Daji Ta Shige Ɗaka

A da idan aka ambaci gonar wiwi, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne ƙungurmin daji irin na jihohin Ondo da Edo da Delta, inda jami'an tsaro kan yi tafiyar sa'o'i a ƙasa kafin su tarar da ita su banka mata wuta. Amma a ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa al'amarin ya daɗe da sake kama. Can gonar wiwi tana iya zama kabad guda wanda bai fi na ajiye tufafi girma ba, an jingine shi a kusurwar ɗakin kwana, da fitila da fanka a cikinsa, baƙo ya shigo ya fita bai san abin da ke ciki ba. Muna ganin lokaci ya yi da hukumominmu da iyaye da ɗalibai za su san abin da wannan kabad ya haifar, domin amfaninsa ya riga ya iso tashoshin jiragen ruwanmu.

Kowane manomi ya san rogo da rake yankan kararsu ake dasawa, kuma abin da ya tsiro yakan ɗauko halin wanda aka yanko daga jikinsa sak. Wannan dabara ce masu noman wiwi na cikin ɗaka suka ara. Wiwin da aka shuka da ƙwayar iri takan fito gauraye, akwai namiji akwai mace, akwai mai ƙarfi akwai rarrauna. Macen ce ke tara mafi yawan sinadarin nan mai bugarwa da masana ke kira THC. To, sai su zaɓi macen da ta fi kowace ƙarfi, su killace ta a kabad ƙarƙashin hasken fitila wanda zai hana ta yin fure, ta yi ta tofo wata da watanni, suna yankar rassanta suna dasawa. Ita ce suke kira uwa. Duk 'ya'yanta kuwa ƙarfinsu ɗaya da nata, babu wanda zai gaza. Da haka mutum guda, a ɗaki guda, yake iya riƙe iri mafi muni shekara da shekaru ba tare da ya nemi damina ko fili ba.

Sakamakon wannan zaɓe da killacewa a bayyane yake. A Amurka an gwada wiwin da hukuma ta ƙwace, aka tarar a shekarar 1995 sinadarin bugarwar da ke cikinta bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba, amma zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12. Wato a cikin shekara ashirin ƙarfinta ya ninka sau uku. Saboda haka dattijon da ke cewa ai shi ma ya ga masu busa ganye a zamaninsa kuma ba su haukace ba, ya sani ganyen da ya gani daban, wanda ake miƙa wa jikansa daban.

Likitoci ma sun yi magana. A shekarar 2019 mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry ta buga wani bincike da aka gudanar a wurare 11 a Turai da Birazil, ƙarƙashin jagorancin masana daga King's College ta Landan. Sun gano cewa mai shan wiwi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin kamuwa da taɓin hankali har ninki uku, idan kuwa mai ƙarfin yake sha kullum, haɗarin ya kusa ninki biyar. Sun ƙiyasta cewa da babu wiwi mai ƙarfi a kasuwa, da an kauce wa kimanin rabin sababbin masu wannan cuta a birnin Amsterdam, da kusan kashi 30 cikin ɗari a Landan. Holan kuwa, inda Amsterdam take, tana cikin ƙasashen da noman cikin ɗaka ya fara bunƙasa tun a shekarun 1980.

Mun san akwai masu cewa ai manyan ƙasashe sun halatta, mu me muke jira. Gaskiya ne ƙasar Yurugwai ta yarda a shekarar 2013 gida ya shuka tushe 6, amma sai an yi rajista da gwamnati. Kanada ta biyo baya ranar 17 ga Oktoba, 2018, ta ƙayyade tushe 4 ga kowane gida. Jamus kuma daga 1 ga Afrilu, 2024 ta yarda baligi ya shuka tushe 3, da sharaɗin ya tsare su daga hannun yara. Sai dai masu kawo wannan hujja ba su cika ƙarasa labarin ba. A Kanada ɗin, lardin Kwibek ya ƙi yarda a shuka ko tushe ɗaya a gida, kuma Kotun Ƙoli ta ƙasar ta tabbatar masa da wannan iko a 2023. Ƙasar Tailan ta saki linzami a watan Yuni na 2022, shaguna suka cika birane, ba a yi shekara uku da 'yan kwanaki ba ta komo ta ce sai da takardar likita. Ƙasar Gana, wadda ake yawan buga misali da ita, abin da dokarta ta 2020 ta ba dama shi ne noman irin da sinadarin bugarwarsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'antu da haɗa magani, kuma da lasisi. Wannan da abin da ake reno a kabad, hanyar jirgi daban ta mota daban.

Ban da haka, ƙasashen da suka halatta suna da ɗakunan gwaji da ke auna ƙarfin abin da ake sayarwa, suna da asibitoci da likitocin ƙwaƙwalwa masu yawa. Duk da haka ba su huta ba. A Ingila, inda har yanzu haramun ne, 'yan sanda sun sha fasa gidajen haya da aka mai da su gonaki, an saci wutar lantarki ta bayan mita, wayoyi sun yi zafi gobara ta tashi ta shafi maƙwabta. A wasu gidajen ma an tarar da yara 'yan ƙasar Biyetnam da aka yi fataucinsu aka kulle su suna ban ruwa. Idan wannan ya sami mai ƙarfi, ina ga wanda motar kashe gobara ke isa unguwarsa bayan gida ya zama toka?

A nan Nijeriya matsalar ba baƙuwa ba ce. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumomin ƙasar nan, na shekarar 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. A 'yan shekarun nan kuma hukumar NDLEA ta sha kama wata wiwi mai tsananin ƙarfi da matasa ke kira Loud, an ɗauko ta daga Kanada an ɓoye cikin kwantena da motocin da ake shigowa da su ta Legas. Ɗan kasuwar da ya ga ana ƙwace masa kaya a tasha, wata rana zai yi tunanin ya daina ɗauko kaya ya ɗauko uwar. Wannan ne abin da muke jin tsoro.

Wani zai ce rashin tsayayyar wutar lantarki ya isa ya kare mu. Da can wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, lokacin da fitilun wannan aiki ke zuƙar wuta suna fid da zafi mai yawa. Yanzu fitilun zamani ba su cin wuta sosai, farantan sola da batura kuma sun shiga gidaje har a ƙauyuka. Bai kamata gwamnati ta mai da gazawarta a fannin lantarki ta zama garkuwar 'ya'yanmu ba.

Dokokinmu kuwa da gonar daji aka rubuta su a zuciya. Dokar soja ta 1966 kan wiwi ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai nomanta. An sassauta ta a 1975, aka kafa NDLEA da doka mai lamba 48 ta 1989, kuma har yau shuka wiwi babban laifi ne, tushe ɗaya ne ko dubu. Amma tsananin hukuncin 1966 bai hana mu kai ga masu sha miliyan goma ba. Ashe tsoratarwa kaɗai ba ta isa.

Saboda haka muna ba da shawara huɗu. Na farko, gwamnati ta wadata ɗakunan gwaji da za su riƙa auna ƙarfin duk wiwin da aka kama, a kuma buga sakamakon kowace shekara don jama'a su san inda aka dosa. Na biyu, a horar da jami'an kwastan da na NDLEA su gane wannan sabon salo, amma kada a fake da haka a takura wa masu noman tumatir da ganyaye na zamani, tun da kayan aikin kusan iri ɗaya ne. Na uku, a bambanta mai sha da mai fatauci. Yaron da ya faɗa wannan rami gadon asibiti yake bukata, don haka a ƙarfafa asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri. Na huɗu, masu gidajen haya da shugabannin makarantu su san abin da ke gudana a ɗakunan da ke ƙarƙashin kulawarsu.

Ga ɗalibai da ma'aikatan da ake turawa ƙaro ilmi ƙasashen waje, muna tunasar da ku cewa abin da aka halatta a Toronto laifi ne a Kano, kuma dokar Kanada da kanta ta haramta tsallaka iyakarta da wiwi, shiga ko fita. Ƙasa ta kashe muku kuɗi ne don ku komo da ilmin da zai amfane ta. Iyaye kuma su daina jin nauyin leƙa ɗakin ɗansu don ya girma. Tun ran gini ran zane, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya kiyaye mana zuriya.