Ina Iyakar Gini Ta Tsaya?

Duk wanda ya ratsa babban titin Kontagora a 'yan shekarun nan ya ga yadda benaye ke tashi: kantuna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, wuraren kwana a sama. Gini ɗaya, amfani uku. To, a wannan mako ina so mu duba wata tambaya da za ta iske masu irin waɗannan gine-gine ko ba jima ko ba daɗe, wato daga ina gini ya fara, kuma a ina ya ƙare?

Dalilin tambayar shi ne, a duniyar yau akwai takardar shaida da ake bai wa ginin da ke tattalin wuta da ruwa, kuma ba ya cutar da muhalli. Ingila ta soma da tsarin BREEAM a 1990, Amurka ta biyo da LEED, sa'an nan hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya ta fito da EDGE, wanda sharaɗinsa shi ne a rage aƙalla kashi 20 cikin ɗari na wuta, da na ruwa, da na abin da kayan gini ke ci wajen sarrafa su. Mu ma nan gida ba a bar mu a baya ba: ginin Heritage Place da ke Ikoyi a Legas ya sami shaidar LEED, kuma a 2017 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tattalin wuta a gine-gine.

Amma kafin a auna kome, tilas ne a ja layi a kan taswira, a ce abin da ke cikin layin nan shi za a auna. A nan gizo ke saƙar. Mai gini yana iya zagaye ofisoshinsa masu iska da haske, ya bar janareta da ke bayan gida a waje, ya bar rijiyar burtsatse, da filin ajiye motoci da aka malale da siminti, da kwatar da ke kwarara kan hanya. Takarda ta fito fes, alhali hayaƙi da ƙazanta suna nan inda suke. Saboda haka ne masu LEED suka sa a cikin sharuɗɗansu na farko cewa iyaka ta ƙunshi duk filin da ke hidimta wa ginin, kada a karkata ta domin ɓoye aibi.

A gini mai amfani uku abin ya fi wuya. Mai sayar da ƙanƙara a ƙasa yana shan wutar da ta ninka ta mai kwana a sama. Idan mita ɗaya ce, wa ya yi tattali, wa ya yi ɓarna? Matakala da tankin ruwa da janareta na kowa ne, to a lissafin wa za su shiga? In ba a raba wannan tun a kan taswira ba, ɗan haya ne zai biya kuɗin wutar da bai sha ba, maƙwabci kuwa ya kwashi ruwan da bai zubar ba.

Wannan fa ba baƙon ilmi ba ne gare mu. Magina na da sun san ba a kafa indararo ya zuba a gidan wani, domin haƙƙin gida bai tsaya a jikin katanga ba. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayu 2025, wadda ta ci rayuka masu yawa a wannan jiha tamu ta Neja, ta isa tunatarwa cewa ruwa bai san iyakar fuloti ba.

Shawarata ga hukumar raya birane ta Jihar Neja ita ce, kada ta amince da taswirar bene sai an nuna mata mazaunin janareta, da hanyar ruwa, da mitar kowane sashe. Masu gini kuma su ja layinsu tun ba a haƙa harsashi ba, ko suna neman takarda ko ba sa nema. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.