Matattun da ke Tashi Bayan Tafi



'Yan'uwana matasa, a cikin hamadar jihar Arizona ta Amurka akwai wani ɗan ƙaramin gari mai suna Tombstone, wato "dutsen kan kabari". An kafa shi a 1879 saboda azurfar da aka gano a wurin. Harkar haƙar azurfa ta daɗe da durƙushewa, yau garin da baƙi masu yawon buɗe ido yake cin abinci. Abin da ke jawo su shi ne wasan kwaikwayon faɗan bindiga irin na kaboyi. Cikin masu yinsa akwai ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna Tombstone Vigilantes, waɗanda ke sa tufafin mutanen dā, su yi harbe-harbe da harsashin bogi a kan titin Allen, su ba da abin da suka tara ga ayyukan jinƙai.

Niyyarsu abar yabo ce. Amma ina da magana a kan wasan kansa.

Sunan garin ya fito ne saboda abin da ya faru ranar 26 ga Oktoba, 1881, kusa da wani garken dawaki da ake kira O.K. Corral. Wyatt Earp da 'yan'uwansa Virgil da Morgan, tare da abokinsu Doc Holliday, suka yi arangama da wasu makiyaya. Cikin kimanin daƙiƙa 30 aka kashe mutum uku: Billy Clanton da Tom McLaury da ɗan'uwansa Frank. Abin lura, garin yana da dokar hana yawo da makami, kuma da sunan tabbatar da ita aka tunkari mutanen.

To ina aka kwana? A Disambar 1881 aka yi wa Virgil kwanton ɓauna, hannunsa ya nakasa. A Maris na 1882 aka kashe Morgan. Daga nan Wyatt ya shiga farautar waɗanda yake zargi, yana kashewa ba tare da alƙali ba. Jini ya kira jini.

Wannan ɓangaren ne tafi ke rufewa. A wasa, wanda aka harbe yakan tashi ya kakkaɓe ƙura, a ɗauki hoto da shi. Yaron da ke kallo sai ya koma gida da darasin cewa bindiga ado ce, kuma mai saurin hannu shi ne mai gaskiya.

A Oktoban 2015, lokacin bikin Helldorado da garin ke yi tun 1929, gaskiya ta kutso cikin wasan. Bindigar wani ɗan ƙungiyar ta zamo ɗauke da harsashi na gaske, ya harbi abokin wasansa, aka garzaya da shi asibiti a Tucson. Allah Ya sa da sauran kwana.

Wani zai ce ai nishaɗi ne, kuma da shi talakan garin ke samun na tuwo. Haka ne, ban ce a daina ba. Abin da nake gani shi ne, duk wanda ya ɗauki nauyin nuna tarihi ya ɗauki amana. A nuna faɗan, a kuma nuna jana'izar da ramuwar gayyar da suka biyo baya.

Kai kuma mai kallo, ko a fim ko a intanet, duk inda ka ga an kashe mutum ana shewa, tambayi kanka: wa ya binne shi, wa ya bari a gida?

Allah Ya ba mu basira. Wassalam.